Daidaita Lokacin Bawul a Injin da Aka Yi wa Gyara: Misali Daga Ƙasar Danja

Ƙasar Danja tana kudancin Jihar Katsina, cikin yankin noman nan na Funtuwa da Malumfashi, inda da damina ake noma masara da dawa da auduga, da rani kuwa a gangara fadama a yi tumatir da albasa da barkono da rake. A cikin 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya kawo taki da iri da hanyoyin karkara. A wannan shekara ce kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo, a Kaduna. Abubuwan nan biyu sun tafi tare, gama amfanin gonar da ya ƙaru yana bukatar abin ɗauka, a-kori-kura ƙirar 404 da 504 kuwa su ne suka ɗauke shi, daga baya J5 ta shigo ta zama motar kayan gwari. An daina harhaɗa 504 a Nijeriya a 2006, amma injinta bai bar hanya ba, kuma irinsa ne ke cikin J5 mai shan fetur. Galibin injunan nan an buɗe su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An kankare kansu, an canja musu fistin, an ɗauko kamshaf daga wani inji an sa, har ya kasance ba su nan yadda masu ƙera su suka sallamo su.

Abin da za a yi bayani a nan shi ne wani sashe ɗaya na aikin mayar da irin wannan inji, watau daidaita kamshaf da kiranshaf, domin bawul ya riƙa buɗewa da rufewa a lokacin da ya kamata. Sashe ne ƙarami a ido, amma shi ne wanda aka fi yi da ka. Mai motar da ya loda kwandunan tumatir da la'asar yana nufin ya isa kasuwar Kaduna ko Kano kafin gari ya waye, in bawul ya sumbaci fistin a tsakar daji, asararsa biyu ce, ga ta inji ga ta kaya, domin tumatir ba ya jiran bakanike. In ma abin bai kai haka ba, injin da lokacinsa ya goce kaɗan yakan yi ta shan mai yana kasa hawa tudu, kuma tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, wannan ƙaramar gocewa ta zama babban rami a aljihun mai mota.

Yadda inji ke numfashi

Injin fetur na mota yana aiki ne bisa tsarin taki huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar da shi a 1876. A taki na fari fistin yana sauka, bawul ɗin shaƙa a buɗe, iska da mai su shiga. A na biyu fistin ya hau, bawul duka a rufe, ya matse su. A na uku filogi ya ba da wuta, abin da aka matse ya ƙone ya tunkuɗa fistin ƙasa, wannan shi ne takin da ke biyan kuɗin sauran ukun. A na huɗu fistin ya sake hawa, bawul ɗin hayaƙi a buɗe, ƙonannen ya fita. Kafin a cika taki huɗun nan kiranshaf ya juya sau 2, watau digiri 720, alhali kowane bawul sau ɗaya kawai ake so ya buɗe. Saboda haka aka yi kamshaf, sanda mai tozaye wadda ke tura bawul, ta riƙa juyawa sau ɗaya in kiranshaf ya juya sau 2. Abin da ke tabbatar da wannan kuwa haƙora ne: in faifan kiranshaf yana da haƙori 20, na kamshaf yana da 40, sarƙa ko bel mai haƙora ta haɗa su. Wannan lissafi na biyu-da-ɗaya ya kamata a riƙe shi da kyau, domin duk digirin da za a ambata nan gaba na kiranshaf ne, na kamshaf kuwa rabinsa ne.

Mai hankali zai zaci bawul ɗin shaƙa yana buɗewa daidai lokacin da fistin ke ƙololuwa, ya rufe daidai lokacin da ya kai ƙasa. Ba haka abin yake ba. In inji yana juyi 3,000 a minti, kiranshaf yana zagayawa sau 50 a daƙiƙa, kowane bawul yana buɗewa sau 25, kowane taki kuwa ba ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Iska tana da nauyi, ba ta tashi nan take, in kuwa ta tashi ba ta tsayawa nan take. Wanda ya taɓa yin ban-ruwa ya san cewa in an buɗe bakin kwali ruwa ba ya isa fangali a wannan lokaci, in an toshe kuma wanda ya riga ya taso sai ya ƙarasa. Don haka masu ƙera inji sukan sa bawul ɗin shaƙa ya fara buɗewa kafin fistin ya kai ƙololuwa, kada ya rufe sai fistin ya wuce ƙasa ya fara dawowa da digiri masu dama, domin iskar da ta taho da gudu ta ƙarasa shiga. Bawul ɗin hayaƙi ma yakan buɗe tun fistin bai gama saukar bugu ba, ya rufe bayan an ɗan wuce ƙololuwa. Sakamakon haka akwai wani ɗan lokaci, a ƙarshen taki na huɗu da farkon na fari, da bawul biyun ke buɗe tare, ɗaya yana sallama ɗaya yana shigowa. Wannan haɗuwa tasu tana da amfani ƙwarai ga mai awo, za a dawo kanta.

Cikin waɗannan lokuta huɗu, wanda ya fi tasiri ga halin inji shi ne lokacin rufewar bawul ɗin shaƙa. In kamshaf ya yi sammako, watau ya riga matsayinsa da 'yan digiri, bawul ɗin ya rufe da wuri, matsi ya ƙaru a ƙaramin gudu, mota ta sami ƙarfin tashi da kaya, amma ta rasa wani abu a tsananin gudu. In ya makara, sai akasin haka: a ƙaramin gudu fistin yakan mayar da wani kashi na abin da ya shaƙa ta ƙofar da ya shigo, mota ta yi nauyin tashi, direba ya yi ta taka totur yana cin kuloci. Ga motar da aikinta shi ne fita da kaya daga bakin fadama a kan hanyar burji, makara ita ce cutar da ta fi muni. Abin takaici kuwa, kusan duk lalacewa da gyaran da ke samun tsohon inji wajen makara suke tura shi.

A nan wajibi ne a raba abu biyu waɗanda bakin gareji ya haɗa su a kalma ɗaya. In direba ya ce taimin ɗin motarsa ya goce, yawanci lokacin wuta yake nufi, watau sa'ad da filogi ke tartsatsi, wanda ake gyarawa da murɗa distirbuta. Lokacin bawul dabam ne, yana can cikin murfin sarƙa, ba a taɓa shi daga waje. Murɗa distirbuta yana iya ɓoye alamun makarar kamshaf, inji ya yi daɗin ji a tsaye, amma bai mayar da bawul ko da digiri ɗaya ba. Da yawa daga cikin motocin da aka ce an gyara, ɓoye musu ciwo aka yi.

Abin da gyara ke jawowa

Gyaran da ya fi yawa a wannan yanki shi ne kankare kan inji, wanda kanikawa ke kira top silinda. Zafin bazara, da lagireton da ya toshe da ruwan rijiya, da lodin da ya wuce kima, su ke sa inji ya tafasa, kan kuwa da yake na alminiyum ne sai ya kantare, gaskit ya ƙone. Sai a kai shi wurin masu injin kankara a shafe shi ya koma daidai. Abin da wannan ke yi wa lokacin bawul ya danganta da inda kamshaf yake zaune.

A injunan da kamshaf ke bisa kai, kamar na Golf da yawancin ƙananan motocin Japan, kankare kai yana matso da kamshaf kusa da kiranshaf. Bel ɗin kuwa tsawonsa bai ragu ba, sai ɓangaren da ke ja ya yi sako-sako, dole kiranshaf ya ƙara juyawa kaɗan kafin ya ɗauke wannan sakin, kamshaf ya zama yana biye a baya. Ana iya lissafa yawan wannan makara. A ɗauka faifan kiranshaf yana da haƙori 20, tsakanin haƙori da haƙori kuwa milimita 9.5, kewayensa ke nan milimita 190. Milimita 190 su ne digiri 360, ashe kowace milimita ɗaya da aka kankare ta kusa digiri 2. Kan da aka shafe sau 3 a rayuwarsa, a haɗa da bel ko sarƙar da ta miƙe, ba wuya a tarar makarar ta kai digiri 4 ko 5. Bakanike mai lura yakan ga alamun kamfani ba su haɗu sosai ba, sai ya ce bari ya tsallake haƙori ɗaya. To, haƙori ɗaya a faifai mai haƙori 20 digiri 18 ne. Wanda ya gyara makarar digiri 4 da tsallen digiri 18 ya bar inji da sammakon digiri 14, ya gudu daga yayyafi ya faɗa kogi.

Injin 504 kuwa kamshaf ɗinsa yana cikin gangar jiki, sarƙa ce gajera ke juya shi, yana tura bawul ta hanyar sandunan turi da roka. Kankare kansa ba ya canja tazarar da ke tsakanin faifan biyu, saboda haka ba ya taɓa lokacin bawul. Amma yana yin wasu abubuwa uku: yana canja ratar tafet, dole a sake saita ta, yana matso da bawul kusa da kan fistin, yana kuma ƙara matsi. Injin nan mai si-si 1,971 faɗin silindarsa milimita 88 ne, tafiyar fistin 81, kowace silinda tana ɗaukar si-si 493. In aka ɗauka matsinsa 8 ne bisa 1, ɗakin ƙuna si-si 70 ke nan. Kankare milimita ɗaya yana iya rage har si-si 6, matsi ya haura zuwa wajen 8.7. Ba laifi ba ne in man mai kyau ne, amma da man bumburutu wanda aka sirka da kananzir, sai a ji inji yana ƙara a kan tudu kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan ƙara kuwa ita ce ke huda fistin. Makarar wannan inji daga sarƙa take zuwa in ta tsufa ta miƙe, ko daga kamshaf da faifan da aka tsinto a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, waɗanda suka shiga daidai amma ba na wannan samfurin ba ne. Alamar da ke jikin faifai tana faɗin gaskiya ne game da injin da aka yi ta dominsa. In an haɗa uwa daga nan ɗa daga can, shaidarta ta raunana, sai an yi awo.

Neman ƙololuwa ta gaskiya

Duk awon da za a yi daga ƙololuwar fistin ake fara ƙirga shi, saboda haka in an kuskure ta an kuskure kome. Al'adar da aka saba ita ce a zura sukundireba ta ramin filogi, a juya inji har a ji ta daina hawa. Wannan ta isa a gane ko wane taki ake ciki, amma ba ta isa awon digiri ba, dalili kuwa shi ne a kusa da ƙololuwa fistin kusan a tsaye yake. A injin da tafiyar fistinsa ta kai milimita 81, in kiranshaf ya wuce ƙololuwa da digiri 5, fistin bai sauka fiye da kashi 2 cikin 10 na milimita ba, kaurin takarda biyu ke nan. Ba hannun da ke jin wannan. Akwai digiri wajen 10 da sukundireba za ta ce duk ƙololuwa ce, alhali kuskuren da ake farauta digiri 4 ne.

Dabarar da ta fi ita ce a tare fistin a inda yake gudu sosai, a hagu da dama, a raba tsakani. Kayan aikin duk ana iya yinsu a gida. A sami tsohon filogi a fasa farin tangaran ɗinsa a fitar, a zura ƙusa mai zare ta leƙo kamar santimita 2 ko 3, a goge bakinta ya yi sumul, a ɗaure ta da noti. A yanka faifai na kwali mai kauri ko na langa-langa, faɗinsa kamar na faranti, a zana masa digiri 360 da ma'aunin kusurwa irin na akwatin lissafin 'yan makaranta, a ɗaure shi a gaban fulin kiranshaf. Gwargwadon girman faifan, gwargwadon sauƙin karanta shi. Sa'an nan a lanƙwasa waya mai ƙarfi a ɗaure gindinta a jikin inji, bakinta yana nuna lambobin.

Kafin a taɓa kome a cire kan batir, domin in wani ya murɗa makulli alhali ƙusa tana cikin silinda, fistin ya tafi. A fitar da filogi duka don inji ya yi sauƙin juyawa, a kuma sassauta rokar silindar da za a yi aiki a kanta har bawul su zauna a rufe, kada su haɗu da ƙusar. A sauke fistin ƙasa kaɗan, a ɗaura filogin ƙusa, a juya kiranshaf da sifana a hankali har fistin ya dafa ƙusar, a rubuta lambar da waya ta nuna. A juya baya, kusan zagaye guda, har ya sake dafa ta ta ɗaya gefen, a rubuta. Ƙololuwa tana daidai tsakiyar lambobin nan biyu. Alal misali in gefe ɗaya ya nuna 24 kafin sifiri, ɗayan ya nuna 20 bayan sifiri, jimla 44, rabi 22, sai a gusa waya da digiri 2 har kowane gefe ya ba da 22. A maimaita don a tabbata, a cire ƙusar, daga nan kuma kada a sake taɓa waya ko faifai har a gama. A wannan lokaci yana da kyau a dubi alamar kamfani ta jikin fuli, a ga ko ta yarda da abin da aka samu.

Akwai gargaɗi biyu game da Fijo musamman. Na fari, kamfanonin Faransa sun saba fara ƙirga silinda daga wajen kuloci, ba daga wajen lagireto ba. Wannan ba ya ɓata neman ƙololuwa, tun da fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, amma yana rikita mai mayar da wayoyin filogi, waɗanda jerin wutarsu 1, 3, 4, 2 ne. Na biyu ya fi tsanani. Bututun da fistin ke gudu a ciki, wanda kanikawa ke kira silif, a injin 504 ba a manne yake da gangar jiki ba, zaune yake cikin ruwa, kan inji ne ke danne shi. Wanda ya juya kiranshaf alhali kai yana cire, bai danne silif da wasa da ƙusa ba, fistin yana iya ɗaga shi, abin toshiyar gindinsa ya saki, bayan an haɗa inji a tarar ruwa ya sauka cikin baƙin mai.

Awon kamshaf

Hanyar da ta fi daidai tana bukatar agogon awo, wanda allurarsa ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Masu injin kankara suna da shi, kuma aronsa na yini ɗaya ya fi sayen bawul takwas araha. A kafa shi a kan bawul ɗin shaƙa ko sandar turinsa, a miƙe da tafiyar bawul ɗin. Abin da ake nema shi ne tsakiyar tozo, watau digirin da bawul ya kai iyakar buɗewarsa. Shi ma tozo, kamar fistin, yana jinkiri a samansa, don haka dabarar raba tsakani za a sake yi. A juya har allura ta kai iyaka, a sa ta a sifiri. A ci gaba da juyawa gaba har a sake zagayowa, a tsaya sa'ad da ya rage milimita ɗaya a kai iyaka, a rubuta digiri. A wuce iyaka har bawul ya sauko da milimita ɗaya, a rubuta. In an sami 70 da 154 bayan ƙololuwa, jimla 224, tsakiya 112. In littafin injin ko takardar da ta zo da kamshaf ta ce 108, to an makara da digiri 4. Sharaɗi a nan shi ne kullum a riƙa juyawa ta fuskar da inji ke juyawa in yana aiki, domin sarƙa ta kasance a miƙe ta gefen ja. In an zarce lamba, a koma baya sosai a sake tahowa. Awon da aka yi da juyin baya sakin sarƙa ya auna, ba kamshaf ba.

Wanda ba shi da agogo kuma ba shi da littafi yana da sauran dabara, ita ce ta haɗuwar bawul da aka ambata. A yawancin injunan aiki na da, haɗuwar nan ta kusa raba kanta daidai a kan ƙololuwa. A saita ratar bawul biyu na silinda ɗaya ta zama daidai da juna. A riƙa juya inji sannu, ana murza sandar turin shaƙa da yatsu, sa'ad da ta ƙi murzuwa bawul ya fara buɗewa, a rubuta. A ci gaba, ana gwada ta hayaƙi, sa'ad da ta saki ta fara murzuwa bawul ya rufe, a rubuta. In na shaƙa ya buɗe da digiri 10 kafin ƙololuwa, na hayaƙi ya rufe da 10 bayanta, kamshaf yana tsakiya. In kuwa an sami 2 kafin, 18 bayan, tsakiyarsu ta faɗa digiri 8 bayan ƙololuwa, an makara da 8 ke nan. Gaskiya ne ba kowane kamshaf aka yi shi da rabo daidai ba, saboda haka wannan hanya ba ta yanke hukunci a kan digiri 2 ko 3. Amma kuskuren haƙori guda ba ya tsere mata. Yaran da ke koyon gyaran babur da injin ban-ruwa suna iya gwada ta a can tukuna, gama silinda ɗaya ce, ka'idar kuwa ɗaya.

Gyaran abin da aka gano

In sarƙa ko bel tsoho ne, a fara da canja shi da abin da ke ɗame shi, a sake awo, sau da yawa rabin makarar ta tafi. In kankara ce ta jawo, gaskit mai kauri yana mayar da tazarar da aka ci, ya kuma rage matsin da ya hau, wannan ita ce hanya mafi lafiya ga motar kaya. In har yanzu da saura, sai a gusa faifan kamshaf a kan kamshaf ɗin kansa da ƙasa da haƙori ɗaya. Masu motocin tsere a Turai da Amurka suna sayen faifai mai ɓangare biyu wanda ake sassautawa a murɗa a ɗaure. Inda babu shi, mai injin sassaƙa ƙarfe yana iya yin maɓalli mai ɗan mataki a maimakon miƙaƙƙen da ke riƙe faifan, ko ya huda sabon rami in fegi ne ke riƙe shi. A tuna digiri 4 na kiranshaf 2 ne a kamshaf, in kuwa kaurin bakin kamshaf milimita 25 ne, digiri 2 bai kai rabin milimita ba. Aikin ma'auni ne, ba na zarto da ido ba. Maɓallin da aka goge ya yi sako-sako don faifai ya sami wurin motsi zai ci raminsa, wata rana ya karye a kan hanya. Bayan an sa, a sake awo daga farko, domin mai juya maɓallin ta baibai yakan ninka makarar ne maimakon ya kashe ta.

Game da ko a bar kamshaf a lambar kamfani ko a ba shi sammako, ga motar da ke ɗaukar kaya sammakon digiri 2 zuwa 4 yana da hujja, tun da sabuwar sarƙa ma za ta miƙe ta cinye wani abu daga ciki. Fiye da haka a injin da aka riga aka kankare neman rigima ne, saboda matsi zai taru kan matsi. Har wa yau sammako yana kusantar da bawul ɗin shaƙa ga fistin jim kaɗan bayan ƙololuwa, makara kuwa tana kusantar da na hayaƙi jim kaɗan kafinta. Inda aka kankare da yawa ko aka sa kamshaf mai dogon tozo, sai a gwada tazarar kafin a rufe inji: a shimfiɗa laka mai danƙo ko kakin zuma a kan fistin, a shafa wa bawul mai don kada ya manne, a ɗora kai da tsohon gaskit, a juya sau 2 da hannu, a buɗe a yanka lakar a auna inda bawul ya taka. Abin da masu haɗa inji suka saba nema shi ne kamar milimita 2 ga na shaƙa, 2 da rabi ga na hayaƙi, domin shi ya fi zafi ya fi miƙewa. Kowane hali ake ciki, ba a tayar da injin da aka taɓa lokacinsa sai an juya shi zagaye 2 cikakku da sifana. In ya cije, a tsaya a nemi dalili. Abin da hannu ya ji ya tsaya, sitata lanƙwasa shi take yi.

Sai bayan wannan duka ake komawa ga lokacin wuta. A injin 504 kamshaf ne ke juya distirbuta, saboda haka duk digirin da aka gusa shi wuta ta gusa tare da shi, dole a sake saita ta bisa ƙololuwar da aka tabbatar. Motar da aka mayar ta koma shan iskar gas, kamar yadda ake ta yi tun 2023, tana son wuta ta ƙara sammako domin gas ya fi fetur jinkirin ƙuna, amma wannan bai shafi kamshaf ba, sai dai ratar tafet da ya kamata a riƙa dubawa a kai a kai.

Bayanin nan duka ya tsaya ne ga injunan da kamshaf ɗinsu ke ɗaure wuri ɗaya. Tun 1980 kamfanin Alfa Romeo na Italiya ya fitar da motar da ke gusa kamshaf da kanta tana cikin tafiya, Honda ta biyo da nata tsari a 1989, yanzu kuwa yawancin motocin tokumbo da ke shigowa haka suke: ƙarfin baƙin mai ne ke murɗa faifan, kwamfuta tana ba da umurni, ta ba da sammako a kan tudu, ta ba da makara a kan kwalta. Waɗansunsu ko maɓalli babu a faifansu, ana kulle kiranshaf da kamshaf ne da ƙarafa na musamman kafin a ɗaure. Faifan kwali da filogin ƙusa suna iya nuna ƙololuwar irin wannan inji, amma ɗaure shi yana bukatar kayan kullewar da aka yi domin samfurinsa.